Shin Natsuwa Ma Sai An Saya? Tsokaci Kan Tara Hankali Da Aikin Hannu

A shekarar 2015 wani abin mamaki ya faru a kasuwar littattafai ta Ingila da Amurka, wanda ya kamata duk mai cin abinci da alƙalami irina ya tsaya ya dube shi da kyau. Ɗaya daga cikin littattafan da suka haye can saman jerin waɗanda aka fi saye a kantin Amazon a wannan shekara babu labarin soyayya a cikinsa, babu na yaƙi ko na siyasa, kai kusan babu ma rubutu. Zane-zanen furanni ne da ganyaye da ƙwari, an yi su da baƙin layi a kan farar takarda. Wata 'yar ƙasar Sikotland mai suna Johanna Basford ce ta zana, ta fitar da shi tun 2013 da sunan Secret Garden. Aikin wanda ya saya shi ne ya nemo fensira masu launi ya zauna yana cike gurabe, kamar yadda ake sa 'yan nazare. Kuma fa ba yara ke saye ba, manyan mutane ne masu aure da 'ya'ya da aikin ofis, har aka sayar da miliyoyin kwafi. Dalilin da masu talla da masu saye suka riƙa bayarwa ɗaya ne: wai yana kwantar da hankali, yana sa mutum ya dawo cikin hayyacinsa.

Wannan littafi reshe ne kawai na wata babbar bishiya da Turawa ke kira maindifulnes, wanda ni a Hausata zan kira halartar da hankali, wato mutum ya tsayar da hankalinsa a kan abin da yake yi a daidai lokacin da yake yin sa, kada gangar jiki tana nan zuciya tana kasuwa. Yau abin ya zama ruwan dare a ƙasashensu: ana koyar da shi a asibitoci da makarantu da kamfanoni, sannan an haɗa shi da zane da ɗaukar hoto da rubutu, ana cewa da su fasahar natsuwa. Kafin in faɗi ra'ayina, bari mai karatu ya fara jin inda abin ya samo asali, domin kuwa ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba.

Tushensa addinin Buda ne, babu wani ɓoye-ɓoye a nan. A harshen Pali, wanda da shi aka rubuta tsofaffin littattafansu, kalmar ita ce sati, ma'anarta ta asali kuwa ta fi kusa da tunawa. Mabiya wannan addini a Indiya da Sirilanka da Bama da Tailan da Japan sun shafe fiye da shekara dubu biyu suna zama shiru suna bin numfashinsu da hankali, a matsayin ibada ta neman tsira irin tasu. Wanda ya ciro abin daga gidan ibada ya kai shi asibiti shi ne wani Ba'amurke masanin kimiyyar halitta mai suna Jon Kabat-Zinn, wanda a 1979 ya buɗe wani sashe a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts domin marasa lafiyar da ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a jikinsu, magani ya yi iya yinsa. Ya tsara musu darasi na mako 8, ana haɗuwa sau ɗaya a mako, sannan kowa ya yi zaman kimanin minti 45 a gida kullum. Ya cire sunan Buda da addu'o'insu, ya bar zaman da numfashin da lura da jiki.

Darasin farko da akan yi a wannan aji shi ya fi ɗaukar hankalina. Ana miƙa wa kowa ƙwayar zabibi guda ɗaya tak, wato busasshen inabi, a ce kada ya jefa baki tukuna. Ya dube ta kamar bai taɓa ganin irinta ba, ya ga tamojinta da inda haske ke sauka a jikinta, ya murza ta a yatsa, ya shinshina, sannan ya ɗora a harshe ya jira kafin ya tauna. Abin da mutum ke watsawa baki goma-goma yana hira, sai a ɗauki mintuna ana cin guda. Wani zai ce wannan ai aikin marasa aikin yi ne. Ni kuwa da na karanta sai na ce wannan darasin rubuta labari ne, ko shi mai darasin ya sani ko bai sani ba. Zan dawo kan wannan.

Ta ɓangaren fasaha kuwa, abin ya daɗe a can Gabas. A Japan malaman ɗariƙar Zen ta addinin Buda suna da wani zane da ake kira enso: da'ira ce guda, ana jan ta da buroshi da tawada a ja ɗaya ko biyu, ba a gogewa ba a gyarawa, yadda hannu ya kai ta haka za ta zauna, wai ita ce shaidar halin da zuciyar mai zanen take ciki a wannan lokaci. 'Yan zuhudun Tibet su kuma sukan duƙa kwana da kwanaki suna zuba rairayi mai launi ta wani siririn mazurari na ƙarfe, ƙwaya-ƙwaya, har su fitar da wani katafaren zane mai ban sha'awa, ranar da aka gama kuma a sa tsintsiya a share shi a kai rairayin rafi a zubar. Wani malaminsu ɗan Biyetnam, Thich Nhat Hanh, wanda ya rasu a 2022, shi ya sauko da abin har cikin kicin, domin a littafinsa na 1975 ya yi misali da wanke-wanke, cewa mai wanke kwano ya kasance tare da kwanon, kada hankalinsa ya riga shi zuwa wurin shayin da zai sha in ya gama. Daga nan Turawa suka ɗauka. Frederick Franck, likitan haƙori ɗan asalin Holan wanda ya koma mai zane, ya fitar da littafi a 1973 yana koyar da cewa zane hanya ce ta koyon gani, ka zauna gaban ganye guda ka bi shi da fensir idonka na kansa. Natalie Goldberg kuma a 1986 ta kawo abin cikin rubutu: ka ɗibar wa kanka lokaci, ka ɗora biro a takarda, kada ka ɗaga kada ka soke har lokacin ya cika.

Shin yana aiki? Akwai abin da bincike ya nuna, amma bai kai yadda 'yan talla ke zuzutawa ba. A 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun bi mutum 2,250 ta wayar hannu, ana tambayarsu a lokuta daban-daban me suke yi, ina hankalinsu yake, yaya suke ji. Sai aka tarar kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin, hankalin mutane ba ya kan abin da suke yi, kuma a irin wannan lokaci sun fi rashin jin daɗi. A 2016 an yi wani ɗan ƙaramin gwaji a Jami'ar Drexel da mutum 39, aka ba su kayan zane da yumɓu na minti 45, aka ga sinadarin kotisol, wanda ke hauhawa a jiki lokacin damuwa, ya sauka a jikin kimanin kashi uku cikin huɗu nasu. Mutum 39 ba su kai a kafa hujja mai ƙarfi da su ba, amma dai alama ce. Hukumar da ke tantance hanyoyin magani a Ingila ma tun 2004 ta amince da wani nau'i na wannan horo ga masu ciwon damuwa da ke yawan dawo musu.

To, ga nawa ra'ayin. Abin da waɗannan mutane suka gano gaskiya ne, amma yadda ake sayar da shi akwai ungulu da kan zabo a ciki. Gaskiyar ita ce hannu yana jan hankali. Ka ce wa mutum zauna shiru kada ka yi tunanin komai, cikin minti ɗaya ya tafi bashin da ake bin sa, ya dawo ta kan maganar da surukarsa ta yaɓa masa bara. Amma ba shi allura da zare ka ce ya ƙirga zaren ƙyalle uku ya soka a na huɗu, dole hankalinsa ya dawo gida, in ba haka ba allura ta tuna masa. Wannan shi ne sirrin littafin shafa launi, shi ne na rairayin Tibet. Ungulu da kan zabon kuwa shi ne a nuna wa mutane cewa sai sun sayi wani abu kafin su samu. Kamfanin wata manhajar waya mai suna Calm, wadda aikinta sanya wa mutum murya mai taushi da ƙarar ruwan sama don ya natsu, an ƙiyasta darajarsa a dala biliyan 2 a 2020. Jama'a ku duba min wannan lamari: wayar da ta watsa maka hankali ita ce kuma za ta sayar maka da maganin, kuɗin wata-wata.

A nan ne zancen ya shafe mu kai tsaye, domin abin da Bature ke biyan kuɗi ya je aji ya koya, yana nan zube a tsakar gidajenmu ba mu ba shi suna ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake ɗinkin hula ya san irin shirun da ke sauka idan mata suka duƙufa bayan azahar. Hira takan yi ta raguwa har ta ɗauke, ba don an yi faɗa ba, sai don an shiga wurin da zanen ke da wuya, kuskuren soka guda zai karkatar da layi gaba ɗaya. Kakata ta wajen uwa mai saƙar faifai ce, kuma ban taɓa ganin ta zana abin da za ta saƙa a takarda ba, launin ja da baƙi da kore suna fitowa ne daga tsakiya suna zagayawa, lissafin yana cikin kanta. Idan an kawo mata ƙarar wata rigima ta gidan tana cikin saƙa, takan ce a bari ta kai ƙarshen zagaye. Kafin ta kai, sau da yawa mai ƙarar ya huce, ita ma ta gama auna abin da za ta faɗa. Haka mai ɗinkin aska takwas a wuyan babbar riga a Zariya, haka mai ɗaure ƙyalle ƙulli-ƙulli kafin a tsoma shi a marinar Ƙofar Mata, haka mai sassaƙa ƙwarya, haka mai zayyanar allo da ke shirya wa ɗalibi ranar sauka, yana jan layi da alƙalamin da ya fiƙe da kansa, numfashinsa ma a hankali yake fitar da shi don kada hannu ya rawa.

Hatta wancan darasi na yin abu mai kyau alhali ka san ba zai daɗe ba, wanda ake zuwa kallo wurin 'yan Tibet, matanmu na yin sa kullum. Mai zanen lalle za ta shafe awa biyu ko uku a kan hannu da ƙafar amarya, ta san cikin mako biyu zai koɗe. Mai kitso ta san za a tsefe. Wadda ta malmala tuwo da mara ya fito sumul kamar ƙwai ta san yanzun nan yara za su farfasa shi. Kai ko sharar tsakar gida da sassafe, akwai matar da in ta gama za ka ga sawun tsintsiya a kan ƙasa a jere kamar an zana, kafin hantsi awaki sun tattake. Babu wanda ya taɓa ce musu masu fasaha, su ma ba su ce ba.

Sai dai kada daɗin baki ya ɗebe mu. Na san wani zai ce, kuma yana da gaskiya, cewa matar da ke ɗinkin hula ba don neman natsuwa take yi ba, don neman na cefane take yi. Za ta kwashe makonni a kan hula guda, ido na yaji, wuya na ciwo, a ƙarshe dillali ya saya a wulaƙance ya kai kasuwa ya ninka. Ka je ka ce wa wannan baiwar Allah ai kina cikin ni'imar halartar da hankali, ka ci mutuncinta ne. Wani malamin jami'a a Amurka, Ronald Purser, ya rubuta littafi sukutum a 2019 a kan irin wannan, yana sukar kamfanonin da ke tara wa ma'aikata aikin da ya fi ƙarfinsu, maimakon su rage aikin ko su ƙara albashi sai su kawo mai koya musu numfashi. Natsuwa ba ta biyan kuɗin makaranta, ba ta sauke farashin masara. Wanda kuma ciwon damuwa ya kama da gaske, har ba ya barci ba ya cin abinci, asibiti zai je, kada a miƙa masa fensir mai launi a ce ya warke. Su kansu masu binciken, irin su Willoughby Britton ta Jami'ar Brown, sun nuna cewa dogon zaman shiru yakan tayar wa wasu mutane da tsohon tabo maimakon ya kwantar. Abin da nake cewa dai shi ne, aikin hannu yana da riba biyu, ta aljihu da ta zuciya. An daɗe ana cutar masu yin sa a ta farko, yanzu kuma muna shirin zubar da ta biyun da hannunmu, domin 'yar da uwarta ke ɗinkin hula bayan azahar, ita waya ce a hannunta tana ture hotuna da babban yatsa.

Akwai kuma tambayar da na san tana cin mai karatu tun ɗazu: to mu Musulmi ina ruwanmu da abin da ya fito daga addinin Buda? Tambaya ce mai kyau, kuma hukunci na malamai ne, ni marubucin labari ba ya ba da fatawa. Abin da na sani shi ne ba mu da buƙatar aron ibadar kowa, ko zama gaban gunki, ko maimaita kalmomin da ba mu san ma'anarsu ba, kuma duk wanda aka gayyata irin wannan aji ya buɗe ido ya ga me ake sa shi faɗa. Amma ita natsuwa kanta ba kayan wani ba ce. Yaron da ya karanta Ahalari ko Ishmawi a makarantar zaure ya san natsuwa tana cikin farillan salla, ya kuma ji malam na faɗan masu sallar da ke kamar kaza na tsattsagar dawa. Alƙur'ani ya yi ta kiran mutum ya dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa ya yi tunani a kan yadda aka yi su. Wanda aka umarta da irin wannan kallo bai kamata a ce sai wani daga Amurka ya zo ya koya masa yadda ake duban ƙwayar zabibi ba. Idan har ya zama sai an koya mana, to alama ce ta yadda muka yi sake da namu.

Yanzu bari in dawo gida, wurin 'yan'uwana marubuta, domin saboda su na ɗauko wannan dogon zance. Ina ganin babbar cutar da ke damun labaranmu a yau rashin kallo ce, ta fi rashin ƙa'idar rubutu da ake ta yi mana gori a kai illa. Ɗauki littattafai goma ka buɗe inda aka siffanta tauraruwar labari. Fara ce sol, doguwa, mai dara-daran idanu, hanci har baka, gashi har gadon baya. A cikin goman da wuya ka samu biyu da suka kauce. Saurayin kuwa ɗan hamshaƙin attajiri ne, miskili, ba ya dariya, ya yi karatu a waje, yana da kamfani. Falo na alfarma ne, abinci na gani na faɗa ne, ƙamshi na tashi ta ko'ina. Wane irin ƙamshi? Ba a faɗa ba, domin mai rubutun bai shinshina komai ba, daga wani littafi ya kwaso, shi ma wancan daga wani ya kwaso, ko daga fim ɗin Indiya. An dai canza wa tuwo suna, Zarah ta koma Ihsan, amma mutum ɗaya ce ke yawo daga littafi zuwa littafi shekara da shekaru.

Alhali ga mutane nan cike da gari, kowa da kamarsa. Akwai mace mai wushirya da in za ta yi dariya sai ta kare baki da gefen mayafi. Akwai dattijon da ba ya fara magana sai ya gyara zaman hularsa sau biyu. Akwai yadda mai shayi ke ɗaga kofi sama ya tsiyayo cikin wani ba tare da ɗigo ya zuba ba, idonsa ma na kan wanda ke ba shi labarin ƙwallo. Akwai bambanci tsakanin ƙarar daka a gidan da ake shirin suna da ƙarar daka a gidan da aka yi rashi. Akwai yadda uwargida ke ajiye kwanon abinci gaban miji ranar da aka sanar da ita zancen ƙarin aure, ba ta ce uffan ba, amma murfin kwanon ya faɗi komai. Mai karatu da ya ci karo da irin wannan a labari yakan ajiye littafin ya ce wallahi haka ake yi. Wannan wallahi haka ake yi ɗin ita ce ladar marubuci, kuma ba a samun ta sai an tsaya an duba, irin duban da ake sa masu zabibi su yi.

Ba wai marubutan da can mala'iku ba ne, su ma sun yi nasu kwashe-kwashen. Amma yanayin aikin yana tilasta musu tsayawa. A shekarun 1990 labari a littafin rubutu na 'yan makaranta ake fara shi da biro, a soke a sake, wata ƙawa ko wani aboki ya karanta ya yi gyara, sannan a kai wa mai buga tafireta ko kwamfuta, a jira kuɗin ɗab'i su taru. Kafin littafi na ɗaya ya isa hannun 'yan kasuwa ya kwana ya tashi a zuciyar mai shi wata da watanni. Yau kuwa da babban yatsa ake rubutu a waya, a tura WhatsApp ko Wattpad tun bai huce ba. Masu karatu sun biya 'yan ɗaruruwan nairorinsu sun shiga zaure, kullum sai an ba su ci gaba, in an makara da awa biyu saƙonni sun fara shigowa kamar ruwan ƙanƙara. Marubuciya na jego ko tana jinyar uwa, ba ruwan kowa. A irin wannan gudu yaushe za ta tsaya ta kalli mai shayi? Dole ta miƙa hannu ta ɗauko abin da ke kusa, abin da ke kusa kuwa shi ne fara sol mai hanci har baka. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa.

Na san wayar nan ta yi mana rana. Ta buɗe ƙofa ga mata da yawa da a da ba su da kuɗin buga littafi ko izinin fita neman maɗaba'a, ta kuma raba marubuci da ɗan kasuwar da ke karɓar littattafai bashi ya hana kuɗi. Ba cewa nake a jefar da ita a koma tafireta ba. Cewa nake marubuci ya ƙwato wa kansa wani yanki na yini da wayar ba ta da iko da shi, ya kuma sa hannunsa cikin wani aiki. Abin da nake yi, wanda kuma nake ba ƙannena masu tasowa shawara a kai, ba shi da tsada: ƙaramin littafin rubutu da biro, da kamar minti goma sha biyar bayan sallar asuba ko kafin magariba, waya na ɗaki a kife. Ka zaɓi abu guda da ke gabanka, ko buta ce, ko tsohon turmi da ya tsage aka ɗaure shi da waya, ko hannun mahaifiyarka tana tsince shinkafa, ka rubuta abin da idonka ya gani kawai. Sharaɗin shi ne kada ka yi amfani da kalmar kyau ko muni ko alfarma, kada kuma ka ce kamar a fim. Ranar farko za ka ga layi uku sun gagare ka, hankali na ta fizgewa zuwa wani wuri. In ya tafi ka jawo shi ba tare da faɗa ba, kamar yadda ake jawo akuyar da ta saba shiga gonar maƙwabta. Bayan mako biyu za ka fara ganin abubuwan da kullum kake wucewa ta gabansu, kuma za su fara shigowa labarinka da kansu ba ka gayyace su ba.

Wanda rubutu ba sana'arsa ba ce shi ma yana da nasa. Mai sha'awar zane ya zana, ko da kuwa akuyarsa za ta fito kamar kare, ba gasa ake yi ba kuma ba sai an ɗora a Facebook an jira yabo ba, domin da zarar ka fara tunanin wa zai gani, hankali ya bar takardar ya koma kasuwa. Wadda ta iya saƙa ko kitso ko ɗinki ta ware guda ɗaya cikin goma wanda ba na sayarwa ba, ta yi shi yadda ranta ke so, a saurin da ranta ke so. Iyaye kuma su bar yara su yi wasan ƙasa, su gina shanun laka da motar kara da langa-langa kamar yadda aka yi a da, maimakon a miƙa musu waya don su yi shiru. Shirun yaron da ke ƙera motar kara daban yake da shirun yaron da ke kallon waya, duk uwar da ta lura ta san haka, domin na farko in ya gama yakan taso da fara'a yana nuna abin da ya yi, na biyu kuwa in aka karɓe wayar sai kuka da birgima.

Ku kuma masu karatu akwai naku kason a wannan magana, tunda ku ne ke riƙe da bulalar. Ku ne kuke ƙorafin labarai sun zama iri ɗaya, ku ne kuma kuke tayar da jijiyar wuya in an kwana ɗaya ba a turo ci gaba ba. Biyun ba sa haɗuwa. Idan marubuciyar da kuke bi ta ce babi na gaba sai jibi, ku bar ta zuwa jibin, wataƙila gidan biki za ta je ta zauna a gefe ta ga yadda dangin ango ke duban kayan ɗaki.